Mustafa Alasan da Kwaɗinsa: Yadda Zane, Kyamara da Sauti Ke Ba da Labari

Fim ɗin zane mai motsi, wanda aka fi sani da katun, hotuna ne tsayayyu da ake jerawa da sauri har ido ya ɗauka motsi suke yi. A majigi, hoto 24 ke wucewa a kowace daƙiƙa, wato 1,440 a minti guda. Akwai reshensa da ake kira na gwaji, inda mai fim ke kauce wa hanyar da manyan kamfanoni irin su Disney suka shimfiɗa, ya nemi tasa da abin da ke hannunsa. Misali mafi kusa da mu shi ne Mustafa Alasan na Jamhuriyar Nijar, wanda aka haifa a 1942, ya zauna a Tawa, ya rasu a Wagadugu a 2015.

Tun kafin ya mallaki kyamara yake nuna wa jama'a wasan inuwa da fitila da zanen hannunsa. A Yamai ya yi aiki tare da Jean Rouch, Bafaranshe mai ɗaukar fim, daga baya ya tafi Kanada inda ya haɗu da Norman McLaren. Shi McLaren yakan yi zane kai tsaye a jikin zaren fim ba tare da kyamara ba, har sautin ma yakan zana shi da hannu a gefen zaren. Fim ɗinsa Neighbours na 1952 ya ci kyautar Oscar.

A Bon Voyage Sim na 1966, wanda bai wuce 'yan mintoci ba, Alasan ya zana Sim, shugaban ƙasar kwaɗi, yana ziyarar aiki a wata ƙasa. Zanen baƙin layi ne a kan farin fili, babu launi, babu ƙawa. Wani zai ce rashin kuɗi ne, kuma da gaskiyarsa, amma wannan ƙarancin shi ne kaifin fim ɗin. Da aka tuɓe wa bikin tarbar duk wani ado, abin da ya rage shi ne jirgi, fareti da kumburin kwaɗo. Shekara shida ke nan da samun 'yancin kai, lokacin da ba kowa ke iya yi wa masu mulki dariya a fili ba. Kwaɗo ya ɗauke masa wannan nauyi, kamar yadda Gizo ke ɗauka a tatsuniya.

Batun kyamara ya fi fitowa a finafinansa na 'yan tsana, irin su Samba le Grand na 1977 da Kokoa. A nan ana kafe kyamara wuri guda, a ɗan gusa hannun 'yar tsana, a ɗauki hoto ɗaya, a sake gusawa. Idan ƙafar kyamarar ta goce ko hasken fitila ya sauya, aikin yini ya lalace. Saboda haka kowane kusanto da kowane ja da baya sai an yanke shawararsa tun kafin a fara.

Kokoa, kamar yadda sunan ya nuna, kokawa ce, sai dai 'yan wasan dabbobi ne, cikinsu har da kwaɗi da hawainiya. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin kokawa bayan kaka, a Furfuri ko Bunguɗu ko Tsafe, ya san cewa rabin wasan a kunne yake: kiɗa, kirari, da ihun 'yan kallo idan ƙato ya sha ƙasa. 'Yar tsana ba ta numfashi, ba ta da nauyin da zai girgiza ƙasa. Sauti ne ke ba ta waɗannan, kuma mai fim ne ke zaɓen inda ganga za ta shigo da inda za ta yi shiru. A cire sautin, sai a ga tsumma da waya suna karo.

Abin takaici, sunansa ya fi yawo a bukukuwan fim na Turai da Amurka fiye da Gusau ko Sakkwato, alhali Tawa ba ta kai nisan Legas daga nan ba. Ya kuma shafe shekaru yana jagorantar sashen koyar da fim a Jami'ar Yamai.