Wa Ya Tsara Darussan? Tarihin Sharuɗɗan Sauke Karatu a Sakandaren Kirista ta Amurka

Idan muka ɗauki littafin darussa na wata sakandaren Kirista a Amurka, irin wadda take shirya yara domin shiga jami'a, kusan kullum za mu tarar da jeri iri ɗaya a shafin farko. Turanci shekara huɗu, lissafi uku ko huɗu, kimiyya uku, tarihi da ilimin zaman jama'a uku, baƙon harshe biyu, ɗan motsa jiki da zane ko kiɗa, sai kuma Littafi Mai Tsarki, shekara ɗaya domin kowace shekarar da yaron ya yi a makarantar. Wanda ya cika lissafin nan, a yaye shi. Tambayar da muke so mu bi ita ce: wa ya rubuta wannan jeri? Da yawa cikinmu za su zama shugabannin kwamitin makarantar ikkilisiya, kuma irin tambayar nan za ta same mu a can.

A farko, shirya yaro domin jami'a da shirya shi domin aikin Ubangiji kusan abu ɗaya ne. An buɗe makarantar Latin ta Boston a 1635, Harvard kuma a 1636, babban nufinta kuwa shi ne kada ikkilisiyoyi su rasa masu wa'azi masu ilimi. Sharaɗin shiga Harvard gajere ne: yaro ya iya karanta Latin, ya yi magana da shi, ya kuma san tushen nahawun Helenanci. A 1647 yankin Massachusetts ya kafa doka cewa garin da ya kai iyali 50 ya ɗauki malamin karatu da rubutu, wanda ya kai iyali 100 kuma ya buɗe makarantar shirin jami'a. Dalilin da dokar ta bayar shi ne, Shaiɗan yana so ya hana mutane sanin Nassi. A lokacin ba wanda ya ware Littafi Mai Tsarki a matsayin darasi ɗaya cikin darussa, domin shi ne dalilin karatun duka.

Sakandaren gwamnati ta farko ta buɗe a Boston a 1821. Kafin ƙarshen ƙarnin makarantu sun yi yawa, kowace da nata tsari, kowace jami'a kuma da nata sharaɗi, har shugaban makaranta bai san abin da zai koyar ba. A 1892 ƙungiyar malamai ta ƙasa ta naɗa kwamitin mutum goma, Charles Eliot shugaban Harvard yana jagora. Rahotonsu ya fito a 1893. Sun raba aikin ga ƙananan kwamitoci tara: Latin, Helenanci, Turanci, sauran harsunan zamani, lissafi, kimiyya kashi biyu, tarihi da mulki, sai labarin ƙasa. Babu kwamitin addini a ciki. Ba lallai mu ɗauka ƙiyayya ce ba, gama makarantu da yawa suna buɗe yini da karatun Nassi da addu'a a lokacin. Amma an riga an ajiye shi wajen ibadar safe, an fitar da shi daga abin da ake aunawa.

Abin da ya ƙulla jerin ya zama doka kuwa kuɗi ne, kuma a nan ya kamata mu ɗan tsaya. A 1905 attajirin ƙarfe Andrew Carnegie ya ba da dala miliyan 10 domin biyan fansho ga malaman jami'a da suka tsufa. Masu riƙon asusun suka ga dole su tantance wace makaranta ce ta isa a kira ta kwaleji. Suka ce sai wadda take da cikakkun farfesoshi aƙalla shida, take yin karatun shekara huɗu, take kuma neman ɗalibin da ya gama sakandare ta shekara huɗu. To, yaya za a auna karatun sakandare? Suka ɗauki lokaci ya zama mudu: awa 120 a darasi ɗaya cikin shekara, wato kamar shiga aji sau huɗu ko biyar a mako, shi ne awo ɗaya, kwaleji kuma ta nemi awo 14 daga hannun mai neman shiga. Kwalejoji suna son fansho, saboda haka suka karɓi awon. Sakandare suna son yaransu su sami shiga, su ma suka karɓa. Cikin 'yan shekaru ya game ƙasar.

Wannan awo shi ne Amurkawa suke kira kiredit, kuma kada mu haɗa shi da kiredit ɗin da muka sani a WAEC. Namu maki ne da yaro ya ci a jarrabawa. Nasu shaida ce cewa ya zauna a aji na wani tsawon lokaci, ya kuma haye darasin.

Akwai wani sharaɗi a kyautar Carnegie da ya shafe mu kai tsaye. Ya hana fanshon ga kowace kwaleji da take ƙarƙashin ikon wata ɗarika, ko wadda dokarta ta ce dole masu riƙonta su zama 'yan ɗarikar. Waɗansu kwalejojin da ikkilisiyoyi suka gina da baikon masu bi suka gyara dokokinsu, suka yanke igiyar da ta ɗaure su da ɗarikarsu, domin malamansu su shiga cikin tsarin. Ba mu da saurin zarginsu. Malamin da ya koyar shekara talatin ba shi da abin dogara a tsufa, shugabansa kuma yana ganin mafita a gabansa. Sai dai abin lura shi ne, asusun da ya ƙi makarantun ɗarika shi ne ya ƙera mudun da makarantun ɗarika suke awo da shi har yau.

Ikkilisiyoyin da suka riƙe nasu makarantu sun bi hanyoyi dabam dabam. Bishof-bishof na Katolika, a taronsu na Baltimore a 1884, sun umarta a gina makaranta kusa da kowace majami'a. Jihar Oregon ta so ta tilasta wa kowane yaro shiga makarantar gwamnati, amma Kotun Ƙoli ta rushe dokar a 1925. Baƙi 'yan asalin Holan na ikkilisiyar Christian Reformed kuwa sun ce makaranta hakkin iyaye ce, saboda haka ƙungiyar iyaye ce take riƙe ta, ba dattawan ikkilisiya ba. A 1920 suka haɗa makarantunsu cikin ƙungiya ɗaya, a shekarar kuma aka buɗe sakandaren Kirista ta Grand Rapids. Daga cikin mutanen nan ne Johanna Veenstra ta fito, wadda ta yi aikin bishara a Lupwe kusa da Takum. Koyarwarsu ita ce, bangaskiya ta ratsa lissafi da tarihi da kimiyya, kada a kulle ta a aji guda. Duk da haka, da aka zo rubuta takardar sakamako, su ma layi layi suka rubuta.

Yawancin makarantun da suke ɗauke da sunan Kirista a yau ƙanana ne a shekaru. A 1962 Kotun Ƙoli ta hana addu'ar da hukuma ta tsara a makarantun gwamnati, a 1963 kuma ta hana karatun Nassi na ibada, a shari'ar da ta taso daga dokar Pennsylvania mai cewa a karanta aƙalla aya goma kowace safiya. Ikkilisiyoyi da dama suka buɗe makarantu a ɗakunan makarantar Lahadi. Gaskiya ta tilasta mana mu faɗi ɗaya dalilin. Bayan hukuncin 1954 da ya hana raba yara farare da baƙaƙe, an buɗe makarantun kuɗi da yawa a kudancin ƙasar domin farare su guje wa haɗuwar, waɗansunsu kuma da sunan Almasihu a ƙofa. A 1978 ƙungiyoyi da dama suka haɗu suka zama ACSI, wadda take tantance makarantun Kirista.

A 1983 wani rahoton gwamnatin tarayya ya yi kukan cewa ilimi ya lalace, ya ba da shawarar Turanci shekara huɗu, lissafi uku, kimiyya uku, ilimin zaman jama'a uku, rabin shekara na kwamfuta, da baƙon harshe shekara biyu ga mai son jami'a. Jihohi suka ɗaga sharuɗɗansu. Idan muka ajiye wannan kusa da jerin da muka fara da shi, za mu ga abin da makarantar Kirista ta ƙara shi ne layin Littafi Mai Tsarki, sujada ta mako, da awoyin hidima ga jama'a. Wannan ƙari yana da tsada. Yaron da yake ba Nassi awa ɗaya kullum ya rasa gurbin wani darasin zaɓi, jami'o'i da yawa kuma ba sa lissafa darasin cikin waɗanda suke nema. Shi ya sa ake ganin makarantu suna sa wa darasin suna irin na jami'a, kamar tarihin ikkilisiya, ilimin ɗa'a, ko nazarin addinan duniya.

An gwada iyakar abin a Kalifoniya. Jami'ar jihar tana duba darussan kowace sakandare kafin ta amince da su cikin darussa 15 da take nema. Ta karɓi mafi yawan darussan makarantar Calvary Chapel ta Murrieta, amma ta ƙi waɗansu na tarihi da adabi da ilimin mulki, ta kuma ce littattafan kimiyyar halittu na BJU Press da A Beka ba su isa su zama tushen darasi ba. A 2005 makarantar da ACSI suka kai ƙara, suna cewa an danne musu 'yancin addini. Kotun tarayya ta ba jami'ar gaskiya a 2008, kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a 2010, Kotun Ƙoli kuma ta ƙi sauraron shari'ar. Ba a hana makarantar koyar da kome ba, ba a kuma hana ta yaye ɗalibanta da sharuɗɗanta ba. Abin da kotu ta ce shi ne, jami'a tana da ikon yanke wane darasi ne za ta lissafa a ƙofarta.