Daga Ina Itacen Kirsimati Ya Fito?

 Kowace shekara idan Disamba ta kama, mukan ga an fara ƙawata majami'u da gidaje. Waɗansu sukan kafa itace su rataya masa fitilu, waɗansu kuma su ɗaura ganye a ƙofa. Daga nan sai gardama ta tashi tsakanin masu bi. Wani ya ce wannan bautar gumaka ce, ya buɗe Irmiya sura 10. Wani kuwa yana ganin Kirsimati ba ta cika ba in babu itacen, har ya ci bashi domin ya saya. Kafin mu yanke wa juna hukunci, bari mu duba inda abin ya samo asali.

Gardamar ta daɗe ƙwarai. Wajen shekara ta 200 bayan haihuwar Kristi, akwai wani malamin ikilisiya mai suna Tertullian a birnin Kartaj, cikin ƙasar Tunisiya ta yau. Ya tsauta wa masu bi da suke rataya ganye da fitilu a ƙofofinsu a ranakun bukin Romawa. Dalilinsa shi ne, Romawa suna da allolin da suke cewa su ne masu tsaron ƙofa, adon kuwa girmama su ne. Amma mu lura, ba zancen Kirsimati yake yi ba. Rubutu mafi daɗewa da ya nuna ana bukin haihuwar Yesu ran 25 ga Disamba, na birnin Roma ne, a shekara ta 336.

Itacen Kirsimati da muka sani ya fito ne daga ƙasashen Jamusawa, fiye da shekara 1,000 bayan Tertullian. A zamanin nan yawancin mutane ba su iya karatu ba, saboda haka akan koya musu labaran Littafi Mai Tsarki ta wurin wasan kwaikwayo. Ran 24 ga Disamba ita ce ranar tunawa da Adamu da Hawwa'u, ana kuwa bukatar itace a tsakiyar filin wasan domin ya tsaya a madadin itacen da ke cikin gonar Aidan. To, a ƙasarsu Disamba tsakiyar sanyi ce, ƙanƙara ta rufe ƙasa, yawancin itatuwa sun kaɗe. Itacen fir da danginsa ne suke riƙe da ganye, kamar yadda gawo yake yin kore shar a wurinmu da rani, sa'ad da daji ya bushe. Sai suka ɗauki fir suka rataya masa 'ya'yan tuffa. Daga baya mutane suka shigar da itacen cikin gidajensu, suka ƙara masa 'yan ƙananan gurasa irin ta Jibin Ubangiji. Tuffa tana tuna musu da faɗuwar mutum, gurasa kuwa tana tuna musu da Mai Ceto.

Akwai shaida a rubuce. Littafin kuɗi na garin Sélestat, a yankin Alsas wanda yanzu yake cikin Faransa, ya nuna cewa a 1521 an biya masu gadi domin su tsare itatuwan dajin garin gab da Kirsimati. A 1605 wani ya rubuta cewa a birnin Strasbourg ana kafa fir a cikin ɗakuna, ana rataya masa furannin takarda, da tuffa, da alewa. Bayan kamar shekara 40, wani mai wa'azi a birnin, Johann Dannhauer, ya yi fushi da al'adar. Ya ce wasan yara ce, gara a nuna wa yara Kristi. Labarin da akan bayar cewa Martin Luther ne ya fara sa wa itace kyandir, ba ya cikin rubuce-rubucen zamaninsa. Wani zane da aka yi kusan shekara 300 bayan mutuwarsa ne ya baza shi.

Kambin ganye mai kyandir kuwa, a gidan yara matalauta aka fara shi. Johann Wichern, wani bawan Allah a birnin Hambug na Jamus, ya buɗe gida a 1833 domin yaran da ba su da mai kula da su. An ce yaran sukan dame shi da tambaya, yaushe Kirsimati za ta zo. A 1839 ya ɗauki ƙafar amalanke ta katako, ya jera mata kyandir: manya farare 4 domin ranakun Lahadi, da ƙanana jajaye domin sauran ranaku. Kowace rana a wurin sujada sai a ƙara kunna ɗaya, yara suna ganin haske yana ƙaruwa har ranar ta iso. Bayan kamar shekara 20 aka fara naɗe ƙafar da ganyen fir. Daga nan ne kambi mai kyandir 4 ya fito, wanda ikilisiyoyi da yawa suke kunnawa a makonni 4 kafin Kirsimati.

Sarauta da kasuwa ne suka kai itacen sauran duniya. A 1848 wata jarida a Landan ta buga hoton Sarauniya Biktoriya da mijinta Albat, wanda Bajamushe ne, tare da 'ya'yansu kewaye da itacen. Nan da nan mutanen Ingila da Amurka suka kwaikwaya. A 1882 aka fara sa masa fitilun lantarki a birnin New York. Da itacen ya zama haja, mutane da yawa suka manta da tuffa da gurasa da abin da suke nufi.

To, me za mu koya? Irmiya yana magana ne a kan itacen da masassaƙi ya sassaƙa ya zama gunki, ana yi masa sujada. Cikin Nehemiya sura 8 kuwa, jama'ar Allah sun sari rassan zaitun da na dabino domin idin bukkoki, bisa ga Shari'a. Ashe ganye ba shi ne zunubi ba, zuciya ce Allah yake dubawa. Littafi Mai Tsarki bai umarce mu mu kafa itace ba, saboda haka wanda bai kafa ba bai rasa kome ba. Wanda ya kafa kuma, kada ɗan'uwansa ya hukunta shi, kamar yadda Bulus ya koya mana cikin Romawa sura 14.

Mu tuna, waɗanda suka fara wannan al'ada da abin da ke hannunsu suka yi: reshe daga daji, da tuffa, da ƙafar amalanke. Kada wani ya ci bashi domin itacen roba. Ganyen dabino ko reshen mangwaro ya isa, ba kuwa sai an kā da itace gaba ɗaya a ƙasar da hamada take matsowa ba. Idan yaro ya tambaye ka ma'anar adon, ka buɗe masa Farawa sura 3, ka kai shi komin dabbobi a Baitalami, ka kai shi giciye, sa'an nan ka nuna masa itacen rai cikin Ru'ya ta Yohanna sura 22.

Ubangiji ya ba mu zuciyar da za ta karɓi Ɗansa da murna, ya kuma tsare salama a tsakaninmu. Amin.