Shekarar da Mutanen Bagadaza Suka Tashi Tsaron Unguwanninsu

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, 'yan uwa masallata da ɗalibanmu na makaranta, tun da aka fara maganar sintirin dare a unguwa tare da 'yan sanda, wasu suna tambayata ko magabata sun san irin wannan aiki. Sun san shi sarai. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, da ƙafarsa yake zaga Madina da dare, har ya taɓa kwana yana gadin ayarin fatake shi da Abdurrahman ɗan Aufu. Daga baya daulolin Musulunci suka kafa rundunar da ake kira shurɗa, wato 'yan sandan wancan zamani. Amma labarin da zan kawo yau na Bagadaza ne, a shekara ta 201 bayan Hijira, daidai da 816 zuwa 817 Miladiyya. Imam Ɗabari ya kawo shi a littafinsa na tarihi, shi kuwa a Bagadaza ya zauna har ya rasu a shekara ta 310.

Mu fara da yadda garin ya lalace. Halifa Haruna Rashid ya rasu a shekara ta 193, sai 'ya'yansa biyu, Amin da Ma'amun, suka shiga yaƙin sarauta. Rundunar Ma'amun ta yi wa Bagadaza ƙawanya fiye da shekara guda, aka kashe Amin a shekara ta 198. To, Ma'amun da ya ci nasara bai taho Bagadaza ba, ya yi zamansa a Marwu, can ƙasar Kurasan. Ya naɗa Hasan ɗan Sahlu a kan Iraƙi, mutanen Bagadaza suka ƙi shi. Gari ya zama kowa da ubangidansa, ga sojoji da makamai a hannu ba a biyansu yadda ya kamata. Kun san sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Ɓata-gari na unguwar Harbiyya, inda sojoji suka fi yawa, da sauran 'yan ta'adda suka riƙa tare hanya da rana tsaka. Suna kama yara da mata a fili. Sukan zo wa mutum su ce ya ba su rance ko kyauta, bai isa ya hana ba. Suka ƙirƙiro kuɗin kariya: a je wa mai lambu a ce lambunka yana hannunmu, ka biya dirhami kaza kowane wata, ya biya ko yana so ko ba ya so. Har suka fita zuwa wani ƙauye kusa da birni mai suna Ƙuɗrabbul, suka washe shi, suka kawo kayan da dabbobin Bagadaza suna sayarwa kowa na gani. Mutanen ƙauyen suka kai ƙara, ba a mayar musu da komai ba. Ɗabari ya faɗi dalili: masu mulkin garin da waɗannan mutane suke taƙama, 'yan korensu ne, don haka babu mai taɓa su.

Da abin ya kai inda ya kai, sai mutanen kirki na kowace unguwa da kowane lungu suka fara zuwa wurin juna suna shawara. Lissafin da suka yi mai sauƙi ne. A lungu guda ɓata-garin ba su wuce ɗaya ko biyu, in sun yi yawa goma, alhali mutanen lungun sun ninka su. Abin da ya ba 'yan kaɗan ƙarfi shi ne kowa ya kulle ƙofarsa yana jin tsoro shi kaɗai.

A nan ne mutum biyu suka fito. Na farko Halidu Daryush, daga wajen hanyar Anbar. Ya kira maƙwabtansa da danginsa da mutanen unguwarsa, suka amsa masa. Suka tunkari ɓata-garin da ke kusa da su, suka rinjaye su, wanda suka kama sai su miƙa shi ga hukuma. Halidu bai yarda aikinsa ya wuce nan ba. Ya bayyana cewa shi ba zai yaƙi mai mulki ba, ba zai kuma tsaya yana ba shi umarni ko hani ba.

Na biyu Sahlu ɗan Salama al-Ansari, mutumin Harbiyya, asalinsa Kurasan. Ya fito a watan Ramadan na shekarar, ya rataya Alƙur'ani a wuyansa, ya fara da maƙwabtansa shi ma. Ya buɗe littafi yana rubuta sunan duk wanda ya yi masa mubaya'a, jama'a masu yawa suka shiga. Ya zaga kasuwanni da hanyoyi ya hana karɓar kuɗin kariya, talakawa suka ji sanyi. Amma shi ya ce zai yaƙi duk wanda ya saɓa wa Littafi da Sunna, mai mulki ne ko talaka. Mabiyansa suka riƙa gina hasumiya a ƙofar gidajensu suna ɗora makamai da Alƙur'ani a kai. Kun ga aikin gadi ya fara komawa runduna.

A farkon shekara ta 202 Abbasiyawan Bagadaza suka naɗa Ibrahim ɗan Mahadi halifa, kishiya ga Ma'amun. Ibrahim bai ga zai iya zama gari ɗaya da mai runduna irin ta Sahlu ba, sai aka tura masa sojoji. Aka raba wa mutanen lungunan kuɗi, suka buɗe hanya. Da ɗan gari akan ci gari. Aka kama Sahlu aka tsare shi, taron ya watse, shi dai ya tsira da ransa. Ma'amun bai shigo Bagadaza ba sai a shekara ta 204. Ibnu Haldun, wanda ya rasu a shekara ta 808, ya sake kawo labarin a Muƙaddimarsa, yana jan kunnen masu kyakkyawar niyya da ke ɗaukar nauyin da ba su da ƙarfin ɗauka, su jefa kansu da mabiyansu cikin halaka.

Ni ban ɗauki Sahlu mugun mutum ba. Zalunci ya gani, kuma laifin farko na masu mulkin da suka rungumi ɓarayi ne. Duk hukumar da ta saki ɓarawon da aka kawo mata da safe, ya dawo unguwa da yamma yana yi wa mutane dariya, to ita ce ke koya wa jama'a ɗaukar doka a hannu. Wannan sai mu faɗa wa jami'an tsaro cikin ladabi idan mun zauna da su, ta bakin mai unguwa da dattawa.

Namu ɓangaren kuwa, hanyar Halidu ce ta fi dacewa da abin da muke karantawa a fiƙihu. Malamai sun tafi a kan cewa yanke hukunci da tsayar da haddi aikin shugaba ne ko alƙalin da ya naɗa, kuma sata ba ta tabbata sai da iƙirari ko shaidu biyu adilai. Ihun “ɓarawo” a cikin duhu ba shaida ba ne. Sau nawa taro ya rufe mutum da duka, gari ya waye aka ga baƙo ne ya ɓata hanya, ko mai taɓin hankali? Jininsa yana wuyan duk wanda ya ɗaga sanda. Suratul Hujurat, aya ta 12, ta hana mu mugun zato da bin diddigin asirin mutane, don haka ɗan sintiri titi yake tsaro, ba leƙen gidaje aka sa shi ba.

Saboda haka, samarinmu masu fita da dare, ku fita da sanin mai unguwa da sanin komisariya, sunayenku a rubuce, fitila da usur a hannu, lambar wayar jami'in da ke aiki a aljihu. Wanda kuka kama ku miƙa shi da lafiyarsa, kuma gobe mutum biyu daga cikinku su je su ba da shaidar abin da suka gani da idonsu. Kada ku karɓi ko dala a hannun mai shago da sunan tilas, don kuɗin kariyar Bagadaza ma da sunan tsaro aka fara karɓarsa. Mu kuma iyaye, kowa ya san inda ɗansa yake kwana.

Allah ya tsare mana unguwanninmu, ya shiryi masu ɓarna, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci. Amin.