Tarihin aikin jijiyar haƙori da darasinsa ga sabon likita

Idan haƙori ya hana mutum barci a Kongolam, can bakin iyakar Najeriya da Nijar a ƙaramar hukumar Mai'aduwa, abu na farko shi ne a danna masa ƙanumfari. In bai lafa ba, sai a nufi wanzami ko asibiti a Daura, kuma roƙon ɗaya ne: "A cire min shi in huta." Alhali akwai wata hanya: a fitar da jijiyar da ta ruɓe, a wanke ramukan saiwa, a cike su, haƙori ya ci gaba da tauna. Sai dai kafin a amince da wannan aikin an sha fama.

A 1728 Pierre Fauchard na Faransa ya wallafa littafin da ya musanta batun tsutsar haƙori, wanda har gobe ake faɗa a wajenmu. A 1838 Edward Maynard na Amurka ya goge siririn ƙarfen cikin agogo ya yi allurar zaro jijiya. A 1864 Sanford Barnum ya ƙirƙiro shimfiɗar roba da ke keɓe haƙori daga miyau, a 1867 kuma G. A. Bowman ya cike saiwa da gata-faca, ƙaron wata bishiyar yankin Malesiya da har yau ake aiki da shi. Hoton haƙori na farko, a 1896, sai da Otto Walkhoff na Jamus ya yi minti 25 a gaban na'ura kafin ya fito.

Kayan aiki sun samu, amma tsabta ba ta samu ba. Da yawa suna rufe haƙori da zinariya alhali ruɓa na ƙasa. A 1910 wani likitan Birtaniya, William Hunter, ya caccaki wannan ɗabi'a a wata lacca a Jami'ar McGill ta Kanada. Gaskiya ya faɗa, amma abin da ya biyo baya ya wuce gona da iri: shekaru da dama ana zubar da haƙoran da za su iya gyaruwa, wai su ke jawo ciwon gaɓɓai da sauran cututtuka. Ka ga aikin ganganci na wasu ya ja wa aikin baki ɗaya baƙin jini.

A 1965 Kakehashi da abokan aikinsa suka buɗe jijiyar haƙoran ɓeraye kashi biyu. Waɗanda aka rena ba ƙwayoyin cuta a jikinsu sun warke, na gama-gari kuwa jijiyarsu ta mutu ta yi ruwa. Ashe abokin gaba shi ne ƙwayar cuta, kuma wanki ya fi ciko muhimmanci.

A Najeriya an fara horar da likitocin haƙori a Jami'ar Legas a 1966, yanzu ga shi ana yi a Jami'ar Bayero ta Kano. Bayan kammalawa akwai shekara ɗaya ta aiki ƙarƙashin manya, sannan bautar ƙasa, inda mutum kan tsinci kansa shi kaɗai ne likitan haƙori a asibiti. A nan ne kuskuren zamanin Hunter zai iya dawowa. Aiki ɗaya da ya kumbura fuska ya isa a ce a kasuwa, "Wannan wankin jijiyar cin kuɗi ne kawai."

Don haka sabon likita, fara da haƙoran gaba masu rami ɗaya. Turmin farko na sama yakan ɓoye rami na huɗu, wanda ido bai saba ba zai tsallake shi. Kada ka taɓa jijiya ba tare da hoto da shimfiɗar roba ba. In babu su, tura mara lafiya Katsina ko Kano, wannan ba gazawa ba ce. Ka kuma riƙe malami guda da za ka riƙa aika wa hoto ta WhatsApp, bayan ka goge sunan mara lafiya. Matambayi ba ya ɓata.

Manyan likitoci kuma, ku riƙa ɗaga waya. Amsar minti biyar daga Kano tana iya sa wani ɗan Kongolam ya koma gida da haƙorinsa.