Ƙara ɗaki, shago ko bene a tsohon gida: Abin da doka ta tanada ga mai gini a Daura

A tsofaffin unguwannin Daura irin su Kusugu, inda rijiyar nan mai tarihin Bayajidda take, gidaje da yawa na gado ne. Iyali na ƙaruwa, fili kuwa yana nan yadda kakanni suka bar shi. Saboda haka ake yanka zaure a fitar da shago, ko a ƙara ɗaki don amarya, ko a ɗora bene. Magidanta da dama na ɗauka cewa mallakar gida ta wadatar. A wajen hukuma kuwa, haƙƙin zama a fili daban, izinin gini daban, kuma wanda ya haɗa su wuri ɗaya yakan wayi gari da jan fenti a bangonsa.

Wa ke da iko da fili?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa dukkan filayen kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Filayen da aka ayyana a matsayin na birni suna ƙarƙashin ikon gwamna kai tsaye, na karkara kuma suna hannun ƙaramar hukuma. Takardar shaidar mallaka da aka fi sani da C of O tana tabbatar da haƙƙin zama, tana kuma fayyace abin da aka ba da filin dominsa, ko gidan zama ko kasuwanci. Wannan ne ya sa mayar da wani ɓangare na gida shago ko gidan burodi ke buƙatar neman sauya manufar filin.

Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ko dagaci, da takardar rabon gado daga kotun shari'a, hujjoji ne masu amfani wajen nuna asalin mallaka. Amma babu ɗaya daga cikinsu da ke tsayawa a madadin izinin gini.

Wa ke ba da izinin gini?

A 1992 gwamnatin tarayya ta kafa Dokar Tsara Birane da Yankuna, wadda ta wajabta samun izini kafin a fara gini ko a yi wa tsohon gini babban sauyi. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai gwamnatin tarayya, ta yanke cewa tsara birane hurumin jihohi ne. A Jihar Katsina, Hukumar Tsara Birane da Yankuna ta jiha, wato URPB, ita ke duba zanen gini ta amince da shi, kuma ita ke da ikon dakatar da aikin da aka fara ba da izini ba.

Abubuwan da aka saba nema su ne shaidar mallakar fili, taswirar safiyo da ke nuna iyakoki, zanen tsohon ginin tare da ƙarin da ake son yi, da rasidin kuɗin hukuma. Idan bene ne, ana buƙatar zane da lissafin injiniyan gini. Mai zanen ya kasance yana da rajista da hukumar ARCON, injiniya kuma da COREN. Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006 shi ne ma'aunin da ƙwararru ke komawa gare shi kan ingancin kayan aiki, shigar iska da haske, da hanyar fita idan gobara ta tashi.

Inda aka fi samun matsala

Na farko shi ne cin hanya. Lungunan tsohon gari ƙuntatattu ne tun asali. Idan kowane gida ya turo dakali ko rumfar shago taku biyu, motar kashe gobara ba za ta shiga ba, har makara sai an karkata ta kafin ta wuce.

Na biyu shi ne ruwa. Gini a kan kwata ko lambatu yana tare hanyar ruwan sama, kuma a watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, gindin katangar ƙasa ne ke fara jiƙewa ya zube.

Na uku shi ne nauyi. Harsashin da aka yi don ɗaukar tubali da azara, ko bulo da kwano, ba a yi shi don ɗaukar kankare da rodi ba. Kafin a ɗora bene sai injiniya ya tona ya ga harsashin, sau da yawa kuma sai an kafa sababbin ginshiƙai daga ƙasa.

Na huɗu shi ne wayar lantarki. Ƙa'idojin wutar lantarki na ƙasa sun keɓe faɗin mita 11 ga layin da ke ɗauke da kilobolt 11 ko 33, mita 30 ga na 132, da mita 50 ga na 330. Ɗaki mai hawa ɗaya na iya zama nesa da waya, amma bene ya kai mutum kusa da ita.

Haƙƙin maƙwabci

Tun kafin zuwan hukumomin tsara birane, garuruwan Hausa suna da tsarinsu, inda Sarkin Magina da masu unguwanni ke sasanta rikicin katanga da iyaka. Fiƙihun Malikiyya ya yi bayani mai faɗi a kan wannan, bisa ƙa'idar hana cutarwa. Ibn al-Rami, wani babban magini a birnin Tunis a ƙarni na 14, ya tattara hukunce-hukuncen gini a littafi guda. Daga cikin abin da malaman mazhabar suka hana akwai buɗe tagar da ke leƙa tsakar gidan maƙwabci, da juya indararo ya zuba a gidansa, da haƙa masai a gindin bangonsa. Mai bene a unguwar da mata ke aikinsu a tsakar gida zai kauce wa husuma idan ya ɗaga tagoginsa sama da tsayin mutum ko ya juya su ga titi.

A gidan gado kuma, amincewar dukkan magada a rubuce ta zama wajibi ga mai hankali, domin ɗakin da mutum ya gina da kuɗinsa a filin da ba a raba ba yana iya faɗawa cikin rabon wani.

Sakamakon gini ba izini

Hukuma kan fara da takardar dakatar da aiki, sannan umarnin gyara ko cire abin da ya saɓa ƙa'ida, daga ƙarshe rusau. Wanda ya gina a kan hanya ko magudanar ruwa ba shi da hujjar neman diyya. Banki ma kan nemi zanen da hukuma ta amince da shi kafin ya karɓi gida jingina, haka nan mai saye da ya san abin da yake yi. Kuɗin zane da na izini kaɗan ne idan aka kwatanta da siminti, rodi da ladan birkila, don haka ya fi dacewa su zama farkon abin da za a biya kafin a sauke yashi a ƙofar gida.