Rabin Aji a Makarantun Ƙauye: Mafarinsa da Yadda Ake Auna Shi

Tun kafin hukuma ta sa hannu cikin sha'anin tarbiyyar yaran da ba su kai shekara shida ba, ƙauyukanmu suna da nasu tsarin, domin da zarar bakin yaro ya buɗe akan kai shi gaban malamin allo, ya fara haddar Fatiha da gajerun surori kafin ya shiga babbaƙu da farfaru. Sa'ad da aka buɗe ilmin firamare kyauta ga kowa a 1976, sai 'yan mata suka riƙa zuwa makaranta da ƙannensu, wani a goye wani riƙe a hannu, hedimastoci kuwa, da suka lura korar ƙanana na nufin rasa yayyensu, suka riƙa tara su a gindin bishiya a hannun duk malamin da ba shi da darasi. Haka rabin aji ya samo asali a wurarenmu, alhali Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977, ko da yake ta ambaci ilmin share fage, ta kuma shar'anta koyar da shi da harshen uwa, ta bar kafa makarantunsa ga masu zaman kansu, waɗanda ba su da abin nema a ƙauyen da ba mai biyan kuɗin makaranta.

Dokar ilmin bai-ɗaya (UBE) ta 2004 ita ta shigar da ilmin share fage cikin ilmin tushe, sa'an nan a 2013 aka tabbatar da shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya.

Daga nan ne mu masu duba makarantu muka shiga mushkilar kwatance, gama takardar da akan ba mu ƙididdigar kujeru da tabarmi da lilo da bayan gida take nema, wanda ba laifi ba ne, illa dai mizani ne mai tauye gaskiya. A gunduma guda na san makarantu biyu. Ta bakin titi, wadda baƙi ke iya tsayawa su gani, ta sami sabon gini da kujerun roba, amma aka danƙa ajin ga malamin da aka rasa inda za a kai shi, yara suna wuni suna rera haruffan Turanci ba tare da sun san me suke faɗa ba. Ta cikin lungu, wadda mota ba ta kaiwa da damina, rumfa ce kawai, sai dai malamarta tana da takardar shaidar malanta ta NCE a fannin renon yara, tana ƙirga musu da tsakuwa da kara, tana yi musu tatsuniya, ta kuma daidaita lokacinta da na malamin allo don kada iyaye su ga kishiya aka yi wa karatun Alƙur'ani. A takarda ta farko ke gaba. Malaman aji ɗaya kuwa, waɗanda su ne shaidun adalci a wannan mas'ala, sun san 'yan rumfa ke fara riƙe fensir.

Ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta soma a 2016 ta ƙara dagula lissafin, tun da daga aji ɗaya zuwa uku ta tsaya, iyaye suka riƙa ƙara wa ɗan shekara huɗu shekaru don ya sami rabonsa. Saboda duk wannan, a duk lokacin da wani uba ya tambaye ni inda zai kai ɗansa, nakan fara bincika wace ce malamar ajin, da kuma ko sunanta na cikin jerin waɗanda sakataren ilmi zai yi wa canjin wurin aiki.