Zolayar Talla da Jarin Amana: Nazari daga Kasuwannin Ƙasar Gumel

Gabatarwa

Cikin dabarun da kamfanoni ke jawo hankalin jama'a da su akwai shirya labarin bogi mai ban dariya, a sake shi ya zaga gari, daga baya a fito a ce wasa ne. Matsayar wannan maƙala ita ce dabarar ba ta yin riba sai inda mai sauraro ya san ƙa'idar wasan, kuma cika wannan sharaɗi yana da wuya a garuruwa irin su Ɗanzomo, Gagarawa da Maigatari.

Inda ta ci da inda ta faɗi

Ranar 1 ga Afrilu, 1996, kamfanin abinci na Taco Bell ya buga talla a manyan jaridun Amurka cewa ya sayi Liberty Bell, ƙararrawar tarihi da ke birnin Filadalfiya, don rage wa gwamnati nauyin bashi. Jama'a suka yi ta kiran waya cikin fushi. A ranar kamfanin ya warware zancen, ya kuma yi alkawarin Dala 50,000 don kula da ƙararrawar. Abu uku suka cece shi: ranar sananniya ce ta zolaya a al'adarsu, bayani bai jima ba, kuma babu wanda ya yi asarar ko sisi.

Volkswagen kuwa bai ji da daɗi ba. A ƙarshen Maris 2021 reshensa na Amurka ya sanar cewa zai koma "Voltswagen" don tallata motarsa mai amfani da lantarki. Ranar zolaya ba ta yi ba tukuna, sanarwar kuma ta fito a hukumance, don haka manyan kafofin labarai suka ɗauka. Da gaskiya ta yi halinta, 'yan jarida suka fusata, aka kuma ruwaito cewa hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta buɗe bincike.

Wasa a idon Bahaushe

Bahaushe ba baƙon zolaya ba ne, sai dai ya yi mata shinge. Tashe yana da lokacinsa a watan azumi. Wasan taubasai da na jika da kaka suna da masu su. A ƙasar Gumel, wadda sarautarta ke da tushe daga Mangawa, dangin Barebari, Babarbare zai tare Bafulatani a bakin kara ya kira shi bawansa, a yi dariya a wuce, domin kowa ya san matsayinsa tun kafin a buɗe baki. Zolayar talla kuwa ta dogara ne kan rashin sanin ɗaya ɓangaren, kuma a nan ta saɓa wa barkwancin gargajiya. Ga kuma addini: hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito ya yi kakkausan gargaɗi ga mai yin ƙarya don ba mutane dariya.

Misali mafi kusa a Arewa shi ne hotunan aure da wasu 'yan Kannywood ke sakewa a Facebook da TikTok. Ango da babbar riga, amarya da lalle, masoya na ta "Allah ya ba da zaman lafiya", can sai a ji ashe sabon fim ne ko waƙa. Ana samun 'yan kallo, amma yanzu ko ɗaurin auren gaske aka sanar, sai ka ga ana tambaya: "Fim ne ko da gaske?"

Kasuwar da ke tafiya da baki

A kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis, cinikin sa na maƙudan kuɗi yakan faɗa ba tare da takarda ba. Mai saye ya taya, mai dabba ya ce "albarka", dillali ya shiga tsakani har a kai ga "na sallama", a cire la'ada. Haka ake cinikin riɗi da zoɓo. Jarin ɗan kasuwa a nan maganarsa ce.

Sannan labari a karkara ba ya tsayawa inda aka sake shi. Saƙon murya na WhatsApp zai fita daga wayar matashi ya isa majalisa, ya shiga cikin gida, ya ƙetara iyaka zuwa Nijar. Bayanin "wasa ne" ba ya bin wannan sawu duka. Idan zolayar ta shafi farashin taki ko rabon kyauta, wani zai biya kuɗin mota daga Ɗanzomo zuwa Gumel ya dawo hannu rabbana. Doka ma ba ta yi shiru ba: dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018 ta hana bayani mai ruɗarwa, hukumar ARCON da aka kafa a 2022 kuma tana tantance talla kafin a fitar.

Kammalawa

Raha tana sayar da kaya, shaida kuwa masu tallan magani da lasifika a kan mota, waɗanda zuguigucinsu ba ya ruɗin kowa. Abin da ya kamaci mai talla shi ne ya yi wasan da ake gane shi tun daga jimlar farko, ya nisanci zancen mutuwa, aure, lafiya da farashi, kuma ya tabbata duk wanda ya ji wasan ya ji warwararsa a wuri guda. In hakan ba zai yiwu ba, barin wasan ya fi masa arha.